Idon Koma

Babana da yatsa yake auna koma.
In uku ba su shige idonta ba,
sai ya ce, "Wannan ɓarauniya ce,"
ya miƙa wa mai ita, ya juya baya.
A Gidimuni aka yanke mini cibiya,
inda dabino ke duba fuskarsa a ruwa,
inda tarwada ɗaya, a wancan zamani,
kan cika tukunyar gida mai mutum tara.

Yau ni ne mai kakin gandun daji.
Koriyar hula, littafi, biro mai yoyo.
Allon da hukuma ta kafa a bakin tafki
rana ta lashe rabin rubutunsa,
awaki na susa da ƙafarsa.
Amma na haddace abin da ya ce:
wata uku ruwa zai huta,
kifi ya yi ƙwai, ƙwai ya yi ido.

Ran Asabar motoci kan taso daga Damagaram.
Alhaji Bra da abokan hirarsa,
da butar shayi, da fatsa mai walƙiya.
"Mu fa ba sana'a muke ba, ɗan samari,
iska muka zo sha."
Su ɗaga karfasa mai ciki a ɗauke su hoto,
su tafi kafin magariba.
Zaren da ya tsinke musu ba ya tafiya.
Ran Talata na tsinci zalɓe a cikin kacalla,
ƙafa ɗaure, ƙugiya a maƙoshi,
idonsa buɗe kamar mai jiran a ba shi amsa.

Shi ban san shi ba, ban yi kuka ba.

Jiya da asuba, kafin liman ya sallame,
na ji ruwa na motsi ta gefen gonar rake.
Na haska.
Kawu Mato ne, ruwa iya ƙugu,
yana jan gidan sauron da asibiti ta ba Magaram
lokacin da take da cikin auta.
Shi ya koya mini iyo.
Shi ya goya ni ranar da aka kai Baba makwanci.

A ƙwaryarsa, ƴaƴan kifi ne ke zillo,
kowane bai kai farcen yaro ba.
Dubu? Sun fi.
Kifin baɗi ke nan, da na baɗin waccan,
duka ba za su cika cokali bakwai na miya ba.

Ya ce, "Gero ya ƙare tun watan jiya.
Nawa nawa ne? Je ka kama masu mota."
Masu mota sun ce nasu kaɗan ne.
Mai gura ya ce nasa kaɗan ne.
Tafkin bai iya lissafi ba,
ramewa kawai yake yi.
Dinya ta daina sauka,
kirinjijiya ta rage surutu,
kacalla na cin gaɓa taki ɗaya kowace damina.

Na ɗora yatsa uku a kan ragarsa.
Ko allura da ƙyar.
Ya gane hannun wa nake aro,
ya sunkuyar da kai.
Kifi na ganinka, mai jar koma,
to, wa zai ga gidan sauro?

Ban buɗe littafi ba.
Tare muka karkata ƙwaryar,
suka watse kamar an zubar da tsaba,
wasu suka juya fararen ciki sama.

Da rana na kai masa tiya biyu ta gero,
da komar Baba da ke rataye a zaure,
na ce ya jira wata ya cika.
Ya shafa ta, ya ƙirga idanunta,
ya ce, "Mai faɗin ido sai babban kifi.
Ka tabbata akwai saura?"

Ban ce masa komai ba.
Asabar ma gobe ce.